Jinyar Tsofaffi a Ƙasar Hausa: Ɗawainiyar da Ba Ta Shiga Lissafi

A ƙasar Hausa ba a kai tsoho gidan gajiyayyu. Wanda ya yi haka ya jawo wa zuriyarsa abin gori. Wannan abin alfahari ne, amma ya sa mun ɗauki jinyar iyaye tamkar aikin da ba ya cin komai. Hujjar wannan maƙala ita ce jinya tana da tsada ƙwarai, kuma kaso mafi nauyi yana kan waɗanda ba su da bakin magana a gida.

A da, gandu ne fanshon talaka. 'Ya'ya maza suna noma gonar uba, rumbu ɗaya ke ciyar da kowa, tsoho kuma yana riƙe da ƙasar da za a gada. Tun a binciken da Polly Hill ta yi a Batagarawa, wanda ya fito a 1972, an ga cewa gandu ya fi ɗorewa a gidajen masu hali. Yau gonaki sun tsattsage, samari sun tafi ci-rani, kuma babu abin da ya maye gurbinsa. Dokar fansho ta 2004, da gyaranta na 2014, ma'aikacin albashi ta fi amfana, alhali mafi yawan 'yan Nijeriya manoma ne da masu sana'ar hannu da 'yan tireda. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin lafiya a ƙasar nan daga aljihun jama'a yake fita kai tsaye. Bayan cire tallafin man fetur a 2023 da faɗuwar darajar naira, maganin hawan jini da na ciwon suga, waɗanda ba a daina sha, sun yi tashin gwauron zabo. Mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000 ne.

Wannan shi ne ɓangaren da ake gani, wanda 'yan'uwa ke yi wa karo-karo. Ɗaya ɓangaren fa? A dubi gidan da dattijuwa ta samu shanyewar ɓarin jiki. Dole a riƙa juya ta dare da rana don kada bayanta ya yi gyambo, a ɗaga ta a kai ta bayi, a wanke shimfiɗa, a dama kunu a ba ta a baki, a kai ta gashin ƙashi a Adaidaita Sahu. Mai yin wannan kusan kullum mace ce: 'yar da aurenta ya mutu, ko suruka, ko jikar da aka ce ta ɗan dakata da makaranta. Matar da ke soya ƙosai ko awara ta sauke kasko, jarinta ya narke a cefane, zubin adashi ya gagare ta. Ɗan da ke Abuja ya turo kuɗi, kowa ya ji, an sa masa albarka. Ita kuwa da ta yi asarar sana'a da barci da lafiyar ƙugunta, sai a ce mata, "Ki yi haƙuri, lada kike samu." Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa mata ne ke yin kusan kashi uku cikin huɗu na aikin kula da mutane da ba a biya.

Za a ce ai ibada ce, kuma ba a yi wa ibada farashi. Ba na musun ladan. Sai dai fiƙihun Malikiyya da muke bi bai yi wannan kawaicin ba. A Muhtasar na Shehu Halil, ciyar da iyaye mabuƙata wajibi ne a kan 'ya'ya masu wadata, kuma nauyin ya haɗa har da mai yi musu hidima. Wato malamai sun daɗe da gane cewa hidima aba ce mai cin dukiya. Suruka ma, a wurin malamai da dama, ba a wajabta mata jinyar iyayen miji ba; kyautatawa ce take yi. Al'ada ce ta mayar da kyauta bashi.

Gwamnati ta kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, kuma dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu domin marasa ƙarfi. Da sauran aiki kafin tsohon da ke ƙauye ya shaida amfaninsu, ga shi kuma mai jinya ba ta cikin lissafin kowa.

Kafin hukuma ta motsa, iyalai na iya gyara nasu. Ranar da 'yan'uwa suka zauna raba kuɗin magani, su ware wa mai jinya nata kason duk wata, su kuma tsara wanda zai karɓe ta ta huta. Malamanmu su faɗi haka a kan mumbari, domin haƙƙinta ne.