Yafiya a Tatsuniyoyin Turai

Tatsuniyar Sindarela, marainiyar da matar uba da agololinta suka mayar baiwa, ba da yafiya ta fara shiga littattafan Turai ba. A rubutun Giambattista Basile, wanda aka buga a Naples a 1634, yarinyar mai suna Zezolla da hannunta ta saki murfin akwati a wuyan matar ubanta ta farko, ta kashe ta, kuma duk da haka ta auri sarki.

Charles Perrault ne ya sauya mata hali a Faransa a 1697, zamanin Sarki Louis na 14. A wajensa, da takalmin gilashi ya shiga ƙafarta, agololin biyu suka zube suna neman gafara. Ta ɗago su, ta rungume su, ta ba su masauki a fada, har ta aurar da su ga manyan fadawa. Wannan ya dace da koyarwar Linjilar Matiyu, sura ta 18, inda aka umarci mabiya su yi ta yafewa ba ƙidaya, ko da yake Perrault ya fi damuwa da ladabin 'yan matan manyan gida fiye da wa'azi.

A 1756 Madam Leprince de Beaumont, mai koyar da 'ya'yan masu hali a Landan, ta fitar da labarin Kyakkyawa da Dodo domin tarbiyya. Yarinyar ta yafe wa yayyenta hassadarsu, amma aljana ta mayar da su gumaka har sai sun amsa laifinsu. Dabarar ke nan da ta samu karɓuwa: jarumar ta fita da zuciya fara, hukunci kuwa ya zo daga wani hannun.

'Yan'uwan nan biyu na Jamus, Jacob da Wilhelm Grimm, sun fi kowa tsanani, alhali su ne suka fi cusa addini. A nasu labarin Sindarela, uwar yarinyar tana gargarar mutuwa ta yi mata wasiyya da tsoron Allah. A bugun farko na 1812 agololin sun tsira da yankakkun ƙafafu kawai. A bugun 1819 aka ƙara cewa ranar biki tattabaru sun tsone musu idanu, amarya kuma ba ta ce uffan ba.

Kamfanin Disney bayan Perrault ya bi. A fim ɗinsa na 2015, Sindarela ta furta wa matar ubanta yafiya baki da baki kafin ta bar gidan.