Martanin garkuwar jiki ga dashen fata a masu ƙuna

Martanin garkuwar jiki ga dashen fata shi ne yadda jikin wanda ya ƙone yake karɓa ko ƙin fatar da likitoci suka dasa masa don rufe rauni. Ƙuna mai zurfi tana barin jiki a buɗe, ruwa yana tsiyayewa, ƙwayoyin cuta kuma suna samun hanyar shiga. Saboda haka rufe raunin da wuri yana cikin abubuwan da ke ceton ran majinyaci.

Ire-iren dashe

Fatar da ake dasawa iri uku ce: wadda aka yanko daga lafiyayyen sashe na jikin majinyacin, kamar cinya, wadda aka samo daga wani mutum, galibi mamacin da aka ba da izinin amfani da fatarsa, da fatar dabba, kamar ta alade ko ta kifin karfasa da aka gwada a Burazil. Ta farko ce kaɗai take zama dindindin, sai kuma ta tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya. Sauran rufi ne na wucin gadi.

Yadda jiki yake ƙin fatar wani

A kwana biyu na farko, fatar da aka dasa tana rayuwa ne da ruwan da take tsotsa daga raunin. Daga nan ƙananan jijiyoyin jini su haɗu da ita, har ta yi kamar ta kama. Sai dai ƙwayoyin halittar kowane mutum suna ɗauke da alamomin da ake kira HLA, waɗanda ya gada daga iyayensa. Ƙwayoyin Langerhans da ke cikin baƙuwar fatar sukan bi hanyoyin ruwan jiki zuwa kaluluwar da ke kusa, inda fararen ƙwayoyin jini nau'in T suke gane cewa alamomin ba na jikin ba ne. Ƙwayoyin T sai su yawaita, su afka wa fatar da jijiyoyinta. Jini ya daina isa gare ta, ta yi duhu, ta bushe, ta saɓule. A jikin mai cikakkiyar garkuwa wannan yakan faru cikin kimanin mako biyu.

Tasirin ƙuna a kan garkuwa

Babbar ƙuna tana raunana garkuwar jiki, musamman aikin ƙwayoyin T. Don haka fatar wani takan daɗe a jikin wanda ya ƙone sosai, wani lokaci makonni da dama. Likitoci suna cin moriyar wannan tazara: wurin da aka yanki fatar majinyacin ya warke, a sake yanka, a maye gurbin rufin wucin gadin kaɗan-kaɗan. Amma raunin garkuwar nan shi ne kuma yake jawo shigar cuta cikin jini, wadda ke cikin manyan dalilan mutuwar masu ƙuna. Shi ya sa ba a cika ba su magungunan danne garkuwa irin waɗanda ake ba masu dashen ƙoda ba.

Tarihi

A shekarar 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Thomas Gibson da Peter Medawar sun wallafa bincike kan wata mata da ta ƙone a birnin Glasgow na Sikotilan. An dasa mata fatar ɗan'uwanta sau biyu, sai dashe na biyu ya lalace da sauri fiye da na farko. Wannan ya nuna cewa jiki yana tuna baƙuwar fata, wato ƙin dashe aikin garkuwa ne. Medawar ya samu lambar yabo ta Nobel a 1960 tare da Macfarlane Burnet. A 1975, James Rheinwald da Howard Green sun samar da hanyar renon ƙwayoyin fatar mutum a ɗakin gwaji, abin da ya ba da damar rufe babban rauni da fatar majinyacin kansa.