Fuskar Idia: Hauren Giwa a Hannun Masu Tara Kayan Da

Gabatarwa

A watan Janairu na shekarar 1977 birnin Legas ya karɓi baƙuncin bikin al'adun baƙar fata na duniya karo na biyu, wanda aka fi sani da FESTAC. Duk wanda ya ga tutoci da takardun wannan biki zai tuna da fuskar wata mace mai kwarjini da aka ɗauka a matsayin tambarinsa. Ita wannan fuska sassaƙen hauren giwa ce daga masarautar Binin, kuma a lokacin da ake bikin tana can kulle cikin akwatin gilashi a birnin Landan. Gwamnatin Nijeriya ta nemi a ba ta aronta, masu riƙe da ita suka ce ba za ta jure wahalar tafiya ba, dole aka sa masassaƙa suka yi kwaikwayonta. A wannan maƙala za mu bi sawun wannan fuska, domin mu ga yadda kayan gado kan bar gidajensu su faɗa hannun masu tara kayan da, da kuma abin da kan salwanta a hanya.

Haure a Fadar Oba

Masarautar Binin, wadda ke cikin jihar Edo a yau, ta daɗe da shahara wajen zubin tagulla da sassaƙar haure. Masassaƙan haure zuriya guda ce da ake kira Igbesanmwan, suna gadon sana'ar kaka da kakanni, kuma Oba, watau sarki, shi suke yi wa aiki. Bisa al'ada, duk maharbin da ya kashe giwa sai ya kai haure ɗaya fada. A kan zana sarakuna da mayaƙa da fadawa a jikin dogayen haure, sannan a kafa su a kan kawunan tagulla a dakalin tunawa da magabata. Ke nan waɗannan haure su ne kundin tarihin masarautar, masana daga cikin fadawa na iya duba su su faɗi wanda ya yi mulki da abin da ya faru a zamaninsa.

A farkon ƙarni na 16 Oba Esigie ya hau gadon sarauta. Tarihin baka ya nuna cewa mahaifiyarsa Idia ta tsaya masa wajen samun sarautar, ta kuma taimake shi a yaƙinsa da Igala na Ida. Domin saka mata, sai ya ƙirƙiro sarautar Iyoba, watau uwar sarki. Ita ce aka sassaƙa fuskarta a haure, tsawon sassaƙen bai wuce santimita 25 ba, an kuma kewaye kanta da ƙananan kawunan Turawan Fotugal masu gemu, alamar arzikin da ke shigowa ta teku. Oba kan rataya ta a jikinsa a lokacin bukukuwan tunawa da mahaifiya.

Na Ciniki da Na Ganima

Ya kamata mu rarrabe hanyoyi biyu da hauren Binin ya bi ya isa Turai. Hanyar farko ta ciniki ce. Turawan Fotugal sun iso Binin wajen 1485, kuma ba da jimawa ba suka fara sa masassaƙa su yi musu cokula da ma'ajin gishiri na haure. Waɗannan kaya sun shiga ɗakunan da sarakuna da attajiran Turai ke tara abubuwan ban mamaki, aka jera su tare da kofunan azurfa da ƙwayayen jimina da katantanwar teku. A nan masassaƙi ya san wanda yake yi wa aiki, an kuma biya shi. Duk da haka, da tafiya ta yi tafiya aka manta da asalin kayan, har wasu aka rubuta cewa daga Indiya ko Turkiyya suka fito.

Hanya ta biyu ita ce ta bakin bindiga. A ƙarshen 1896 James Phillips, muƙaddashin babban jami'in Ingila a yankin gaɓar Neja, ya rubuta wa Landan yana neman izinin tumɓuke Oba Ovonramwen, har ya ambata cewa hauren da ke fada zai isa ya biya kuɗin aikin. A watan Janairun 1897 ya kama hanyar Binin duk da saƙon da aka aiko masa cewa ya dakata, aka yi wa ayarinsa kwanton ɓauna, aka kashe shi da mafi yawan mutanensa, Turawa biyu kaɗai suka tsira. Cikin 'yan makonni Ingila ta turo runduna ta kimanin mutum 1,200 a ƙarƙashin Harry Rawson, birnin ya faɗi ranar 18 ga Fabrairu, gobara kuma ta cinye fadar. Daga baya aka kai Oba Kalaba, inda ya rasu a 1914.

Dubban kayan tagulla da haure aka kwashe daga fadar. Hafsoshi suka raba wasu a tsakaninsu, wasu kuma aka yi gwanjonsu a Landan. Wani masani mai suna Felix von Luschan ya saye ɗaruruwa domin gidan adana kayan tarihi na Balin. Cikin ganimar har da fuskokin Idia guda biyar da aka fi sani. Ɗaya ta shiga babban gidan adana kayan tarihi na Birtaniya a 1910, ita ce tambarin FESTAC. Wata kuma ta bi hannun attajirin nan Nelson Rockefeller ta ƙare a birnin New York.

Masu tara kayan da kan kafa hujja cewa ba domin su ba da gara da gobara sun gama da kayan. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin kuwa sun adana jikin kayan da kyau. Sai dai hauren da aka cire daga dakalinsa aka raba shi da kan tagullar da yake zaune a kai, ya zama tamkar shafin da aka yage daga littafi. An san nauyinsa da farashinsa, amma da wuya a san wane sarki aka yi wa shi.

Komawa Gida

A watan Disamba na 2010 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya janye wata fuskar Idia daga kasuwa bayan 'yan Nijeriya sun yi ca a kansa. A 2021 wata kwaleji a Kambirij ta mayar da zakaran tagulla, jami'ar Aberdeen kuma ta mayar da kan wani Oba. A 2022 Jamus ta miƙa wa Nijeriya mallakar kaya fiye da 1,000, ciki har da fuskar Idia da ke Stuttgart, sannan a 2025 Holan ta dawo da guda 119. Tambarin FESTAC kuwa yana nan a Landan, inda ake kafa hujja da wata doka ta 1963 da ta hana gidan rabuwa da kayansa.

Kammalawa

Hausawa kan ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A 1973 shugaban ƙasa Janar Yakubu Gowon ya ɗauki kan tagulla na Binin daga gidan adana kayan tarihi na Legas ya ba Sarauniyar Ingila kyauta. Haka kuma sanannen abu ne cewa Hausawa na cikin manyan dillalan kayan da a Afirka ta Yamma, daga Legas har Abijan. Ta hannunsu mundaye da zobban azurfa da maƙeran farfaru suka ƙera daga narkakken liyari, da akusa da tasoshin kakanninmu, suka bi baƙi zuwa ƙetare, galibi ba tare da an rubuta sunan gari ko na maƙeri ba. Babu wanda ya ɗora mana bindiga a wannan karon.

Saboda haka, duk mai sha'awar tara kayan da ya kamata ya fara tambayar yadda kaya suka bar hannun masu su kafin ya tambayi farashi. Mu kuma ɗalibai da ke da sauran irin waɗannan kaya a ɗakunan iyayenmu, ya zama wajibi mu zauna da tsofaffi tun suna raye, mu rubuta wanda ya ƙera, da wanda ya mallaka, da bikin da ake fito da su. Mutanen Binin sun iya neman kayansu bayan shekara fiye da 100 ne saboda ba su manta da sunan Idia ba.