Kingsway da Takwarorinsa: Tarihin Manyan Kantuna a Najeriya

Kingsway, Leventis, UTC da Chellarams su ne manyan kantunan da suka kawo wa biranen Najeriya irin cinikin da kasuwa ba ta saba da shi ba: kaya a jere kan kanta, farashi a manne, ba tayi, ba "albarka". Mai saye ya zaga ya zaɓa, ya biya, a miƙa masa rasit.

Kingsway ne ja-gabansu. Mallakar kamfanin UAC ne, wanda aka kafa a 1929 ƙarƙashin inuwar Unilever, ya kuma daɗe yana kwasar gyaɗa da fatu daga Arewa. A 1948 ya buɗe katafaren kanti a titin Marina a Legas, daga baya rassa suka bazu zuwa Ibadan, Fatakwal, Kano, Kaduna da Jos. Da fari matan Turawan mulki da manyan ma'aikata ne 'yan cinikinsa. Bayan samun 'yancin kai a 1960 sai sababbin masu albashi suka gaje su: akawu, malamin makaranta, hafsan soja. A rufi ɗaya mutum zai sami takalmi daga Ingila, rediyo, keken ɗinki, man shanu na gwangwani da littattafan yara. Zuwa Kingsway ranar Asabar fita ce ta musamman, har ado ake yi mata, ko da abin da za a sayo bai wuce alewa ba.

Sauran ma baƙi ne. A. G. Leventis mutumin tsibirin Kubrus ne, ya kafa kamfaninsa a Gana kafin kamfanin ya tsallako Najeriya. UTC daga Basel ta ƙasar Suwizalan ta fito. Chellarams kuwa na Indiyawa ne.

Kakarsu ta yanke saƙa a shekarun 1970, lokacin da kuɗin fetur ya malalo. Ƙarin albashin Udoji, da aka biya har da bashin watannin baya a 1975, ya tura ma'aikata kantuna suna ɗibar firji da talabijin. A wajen 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja, don haka shigo da kaya daga waje ya fi ƙera su a gida sauƙi. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun tilasta wa masu kantunan su sayar da hannun jari, amma ba su taɓa tushen lamarin ba: kayan na waje ne, kuɗin sayo su ma na waje ne.

Ta nan ɓarakar ta shigo. Farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shehu Shagari ta kawo tsuke bakin aljihu a 1982, lasisin shigo da kaya ya zama abin rububi, kantoci suka fara zama wayam. A 1984 layin madara, sukari da sabulu ake yi. Sai shirin gyaran tattalin arziki na SAP na gwamnatin Babangida a 1986 ya karya naira: dalar da ba ta kai naira ɗaya ba a 1985 ta kai wajen naira huɗu a 1987. Kaya ya yi tsada, albashin mai saye ya zagwanye, ga kuɗin haya, ga na janareta, ga na ma'aikata. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Singa a Kano ba ya ɗauke da wannan nauyi. Yana rage farashi, yana ba da bashi, yana kuma sayar da sukari a ƙulli ga wanda ba shi da kuɗin kwali. Cikin shekarun 1990 Kingsway ya zama tarihi, Unilever ma ta janye daga UAC a 1994. Abin da ya tsira, abin mamaki, shi ne sashen sayar da kayan maƙulashe, wanda ya rikiɗe ya zama Mr Bigg's a 1986. A Kaduna har yau ana kwatance da shataletalen Leventis.

An sake gwadawa. Shoprite na Afirka ta Kudu ya sauka a Lekki da ke Legas a 2005, ya iso Ado Bayero Mall a Kano a 2014, jama'a suka yi tururuwa, wasu don sayayya, wasu don shan sanyin na'ura da ɗaukar hoto. Tsohuwar cutar ce ta sake kama shi: ƙarancin dala, jinkiri a tashar jiragen ruwa, raunin aljihun masu saye. Uwar kamfanin ta sayar da kasonta ga 'yan Najeriya a 2021. Kantunan gida irin su Sahad da Jifatu, da suka fi sanin abin da uwargida ke nema lokacin azumi da haɗa lefe, sun ci gaba da ciniki. Reshen Shoprite na Kano kuwa an rufe shi a watan Janairun 2024.