Ajapa Japa

Ajapa japa wani mataki ne na bimbini a al'adar yoga ta Indiya, inda kalmar ibada, wato mantra, ke maimaita kanta a zuciyar mutum ba tare da ya motsa leɓe ko ya ja carbi ba. Yawanci sai an daɗe ana maimaitawa da gangan kafin a kai wannan matsayi. Mabiya ajapa japa kan haɗa mantra da numfashi: "so" yayin shaƙa, "ham" yayin fitarwa. Littafin Gheranda Samhita ya ƙiyasta numfashi 21,600 a dare da yini, wato 15 kowane minti. Swami Satyananda Saraswati, wanda ya kafa makarantar yoga ta Bihar a Munger, ya yaɗa ajapa japa a ƙarni na 20.