Gano Musabbabin Daina Karatu a Na'urar CD Mai Ɗaukar Faifai da Yawa: Nazari a Gundumomin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji

Gabatarwa

Faifan CD, wanda kamfanonin Philips da Sony suka fito da shi kasuwa a 1982, ya bazu a ƙasar Hausa ne ta hanyar waƙoƙi da wa'azi da finafinan Kano da aka riƙa bugawa a samfurin VCD. Ko da yake wayar salula da katin memori sun karɓe wannan kasuwa, har yanzu akwai karatun malamai da waƙoƙin biki da ba su da wani mazauni sai faifai. Wannan maƙala ta dubi na'urar da ke ɗaukar faifai uku ko biyar a faranti mai juyawa, ko shida a ɗan akwati irin na mota, a gundumomi uku na jihar Maraɗi da babbar hanya mai lamba 1 ta ratsa, wato Gidan Rumji da Agiye da Gazawa, wadda aka cire daga Agiye ta zama gunduma a 2011. Matsayin maƙalar shi ne, rubutun NO DISC da na'ura ke nunawa alama ce kawai, kuma gaggawar ɗora laifi kan idon na'ura ita ke hallaka na'urorin da gyaransu bai wuce canjin roba ba.

Yadda karatu ke gudana

Abin da masu gyaran rediyo ke kira ido shi ne ɗan gilashin da ke tattara hasken leza mai tsawon zango nanomita 780 a kan layin bayanai, wanda tazarar da ke tsakaninsa da na kusa da shi ba ta wuce maikuromita 1.6 ba. Kafin ido ya ga komai a na'ura mai faifai da yawa, sai faranti ya juya ya tsaya daidai, sashen karatu ya ɗago ya damƙe faifan, sannan wani ƙaramin makunni ya shaida wa kwakwalwar na'ura cewa an kammala. Daga nan ne ido ke hawa da sauka yana neman saiti, idan ya samu motar tsakiya ta juya faifan, a karanta jadawalin abin da ke ciki, wanda ke can kusa da rami domin CD daga ciki ake karanta shi zuwa waje. Kowane mataki ya gaza, saƙon da ke fitowa kusan ɗaya ne.

Tasirin muhalli

Ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, tana kwanciya a kan ido, tana kuma cuɗanya da giris ɗin sandar da ido ke tafiya a kai har ya daskare. Zafin bazara, wanda ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, yana saki robar da ke jan faranti, ta miƙe ta riƙa zamewa. Ita kuwa wuta, yankin ya daɗe yana dogaro da layin kilovolt 132 da ke zuwa Gazawa daga Katsina, kuma yanke shi da Nijeriya ta yi a Agusta 2023 ya ƙara tura jama'a ga janareta da batir, waɗanda ƙarfinsu ke hawa da sauka. Akwai kuma kayan gwanjo da aka ƙera don volt 100 na Japan ko 120 na Amurka, alhali wutar NIGELEC volt 220 ce.

Tsarin bincike

Bincike na gari daga faifai yake farawa. Faifan kamfani yana mayar da kashi 70 cikin ɗari na haske ko fiye, na CD-R ya ɗan gaza haka, na CD-RW kuwa tsakanin kashi 15 da 25 ne kawai, shi ya sa tsofaffin na'urori ba sa ganinsa. Launin da ke riƙe bayanai a CD-R yana dusashewa idan ya sha rana, kuma faifan MP3 ko VCD ba zai karantu a na'urar sauti zalla ba komai lafiyarta. Saboda haka wajibi ne mai gyara ya ajiye faifan kamfani mai tsabta guda ɗaya na gwaji, ya zagaya da shi kowane gurbi. Idan wasu gurabe sun karanta wani ya ƙi, to ido ya kuɓuta, matsalar tana ga tsayuwar faranti.

Idan duk guraben sun ƙi, sai a buɗe murfi a lura da inda aikin ya tsaya, kuma nan ne ake bambanta gwani da mai lalube. Mota tana kuka amma faifai bai ɗago ba, wannan roba ce ta saki ko haƙorin giya ya karye. Faifai ya damƙu amma ido bai motsa ba, sai a duba makunnin da datti ya hana shi haɗuwa, da siririyar waya mai faɗi da ke bin ido, wadda yawan lanƙwasa ke tsinka ta daga ciki. Ido ya hau ya sauka sau biyu ko uku amma faifai bai juya ba, to saiti ne bai samu ba, kuma a nan ya dace a zargi ƙura ko raunin leza. Idan kuwa faifan ya juya na ɗan lokaci ya tsaya, a binciki motar tsakiya da daskararren giris, sannan a auna wutar da ke isa ga motar, domin kafasitar da zafi ya busar tana rage ta.

Ana goge ido da auduga da aka ɗan jiƙa da sifirit mai tsabta, a hankali, tunda a kan siraran wayoyi yake rataye. Fetur da kananzir suna cin gilashin, wanda a gaskiya roba ce. Bai kamata a leƙa shi kai tsaye yana kunne ba, domin haskensa kusan ba ya ganuwa amma yana iya cutar da gani.

Al'adar da ta fi ɓarna ita ce murɗa ɗan sukurun da ke ƙara wa leza ƙarfi. Na'urar takan dawo karatu nan take, mai ita ya biya ya tafi da murna, amma ƙarin wutar yana gaggauta mutuwar lezar, kuma sabon ido irin KSS-213 na Sony sai an aika Maraɗi ko Kano, inda jabu ya yi yawa. Ko an samu na kirki, yakan zo da ɗigon dalma da ke kare shi daga tartsatsin wuta a hanya, wanda idan ba a narkar da shi bayan ɗaurawa ba sai a ɗauka sabon ma matacce ne. Don haka bai halatta mai gyara ya taɓa wannan sukuru ba sai ya tabbatar da lafiyar faifai da roba da makunni da wuta, kuma haƙƙin mai na'ura ne a faɗa masa gaskiyar abin da murɗawar za ta jawo kafin a yi ta.