Gaisuwar Surukai a Ƙetaren Iyaka, Daga Ƙasar Gumel Zuwa Damagaram

Idan mutumin Zariya ko na Bauchi ya ce zai tafi ƙasar waje domin ya gaida surukansa, abin da ke faɗowa a zukatan masu saurare shi ne fasfo da biza da jirgin sama, da guzuri mai nauyi wanda aka daɗe ana tarawa. Amma idan mutumin Sule Tankarkar, ko na Ɗanzomo, ko na Jeke ya faɗi haka, sau da yawa abin da yake nufi bai wuce ya ɗaure ƙunshin goro a bayan babur ba, ya goya mai ɗakinsa, ya bi turbar yashi da hantsi, kafin azahar yana tsugune a zauren wani dattijo a Jamhuriyar Nijar. Fuƙaha'un mazhabar Imamu Malik sun ƙayyade masafar ƙasaru da mil 48, saboda haka wanda ya tashi daga Gumel ya nufi Kano, tafiyar kimanin kilomita 120, ya sami rangwamen taƙaita sallarsa alhali bai fita daga ƙasarsa ba, shi kuwa wanda ya ƙetara zuwa Adare ko Tumbi, ya canja tuta da kuɗi da harshen hukuma, wajibi ne ya cika raka'o'insa huɗu kamar muƙimi.

Dalilin wannan al'amari yana cikin asalin masarautar kanta. Mangawa ne suka kafa sarautar Gumel wajen shekarar 1750 a ƙarƙashin Ɗan Juma, ba da daɗewa ba kuma ta shiga cikin masu kai gaisuwa Barno. Da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya game ƙasar Hausa a farkon ƙarni na 19, ya ci Kano da Kazaure da Haɗeja da ke kewaye da ita, Gumel ba ta karɓi tutar Sakkwato ba, ta zauna a inuwar Barno kamar yadda Damagaram ta zauna. Gidan sarautar ma ba a Gumel ta yau yake ba tun farko: a Tumbi yake, kimanin mil 20 arewa, sai a zamanin Sarki Muhammadu Ɗan Tanoma, kafin tsakiyar ƙarnin, aka sauko da shi kudu. Tumbi kuwa a yau tana cikin Nijar. Wato ke nan, Bagumale da ke son ganin tsohon mazaunin sarakunansa sai ya fita daga Nijeriya tukuna.

Ba daidai ba ne, duk da haka, a ƙawata zamanin da ya wuce har a ce kafin zuwan Nasara hanya a buɗe take ga duk mai son zumunci. Tun daga 1828 Gumel ba ta huta da yaƙi ba, yau da Haɗeja, gobe da Kano ko Damagaram. Gabarta da Haɗeja ba ta lafa ba sai bayan rasuwar Sarki Abdullahi a 1872, sa'an nan kuma, bayan da Sarkin Damagaram Tanimu ya kewaye Zinder da ganuwa, ya tara bindigogi da igwa, hare-haren kamun bayi daga arewa suka yi ta cin ƙauyukan Gumel har ƙarshen ƙarnin, garuruwa da dama suka zama kufai. A irin wannan hali mace ba ta cewa za ta je ganin gida ta tashi ita kaɗai. Sai an jira rani, an jira ayari, ta bi fatake masu jakuna da takarkarai. Fataken kuwa ba su yanke ba, gama Baturen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya biyo ta Gumel a 1851 kan hanyarsa ta zuwa Kukawa, ya tarar da ita babbar kasuwar kanwa. Kuma lalle ne a faɗi abin da ba a cika so a faɗa ba, cewa wani sashe na dangantakar da ake alfahari da ita yau tsakanin ɓangarorin biyu, gudun hijira da kamu ne suka ƙulla shi tun kafin aure ya zo ya tsarkake shi.

Iyakar da ta mayar da wannan tafiya fita waje an zana ta ne a Turai, kuma ba sau ɗaya ba. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi, ba tare da sanin abin da ke tsakani ba. Suka gyara a 1898. Da Faransawa suka ci Zinder a 1899, Ingilishi kuma suka karɓi mubaya'ar Sarkin Gumel Ahmadu a 1903, sai ya bayyana cewa layin bai bar wa Faransawa hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Zinder ba, aka sake zama a 1904 da 1906. Daga 1906 zuwa 1908 ne Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa da ƙafa, suka kakkafa alamomi 148 tun daga Kwara har Cadi. Manomin da ya ga an kafa ƙarfe a gefen gonarsa bai san cewa daga ranar nan ƙanwarsa da ke aure a ƙauyen da yake hangowa ta zama 'yar wata daula ba.

Abin mamaki shi ne, iyakar da aka yi domin rabuwa ita ce ta ƙara yawan surukai. Mulkin Faransa ya fi tsanani a kan talaka: ga haraji, ga ɗibar soja, ga aikin tilas wanda ba a soke shi ba sai 1946, ga kumandan mai ikon ɗaure mutum ba tare da alƙali ba, saboda haka duk shekarar da aka matsa, sai gidaje su kwashe da dare su sauka kudu wajen dangi. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta koro wasu, cin rani ya kawo wasu, sa'an nan da layin dogo ya tashi daga Kano ya ratsa ta Gagarawa ya kai Nguru a 1930, cinikin gyaɗa ya buɗe, samarin ƙasar Dungas da Magarya suka riƙa zuwa neman kuɗi. Saurayin da ya zo cin rani shekara uku a gida ɗaya, aka ga natsuwarsa da riƙon sallarsa, ba wuya mai gidan ya ba shi 'ya. Ita kuwa yarinyar da aka kai arewa, ta buɗe wata sabuwar turba wadda ƙafafu ba za su daina bi ba har jikoki.

A nan ne ya kamata a tsaya a duba al'adar da kyau, domin masu rubuta tarihin iyaka sun fi kula da fatake da 'yan sumoga, alhali kuwa mata ne suka fi kowa taka ta. Amarya idan ta kwana biyu a ɗakinta akan kai ta ganin gida. Idan cikin fari ya tsufa takan koma wurin mahaifiyarta goyon ciki, ta haihu a can, ta yi wankan jego na kwana arba'in da ruwan zafi da kunun kanwa, don haka ɗan fari na gidaje da yawa a ƙasar Sule Tankarkar a Nijar aka binne cibiyarsa, kamar yadda na gidaje da yawa a can aka binne tasu a nan, abin da ke ruɗa ma'aikacin da ya zo da takarda yana tambayar wurin haihuwa. Bayan wannan ga suna, ga yawon arba'in, ga biki, ga dubiya, ga ta'aziyya wadda ba a aikawa da ita sai da uzuri mai ƙarfi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan haƙƙi ne da ake bin mutum, malamai kuma suna karantar da shi a babin sada zumunta, suna tsoratarwa a kan yanke ta. Shi ya sa ake cewa zumunci a ƙafa yake.

Shi kuwa miji, ziyararsa tana da nata ladubban, masu nauyi. Tun daga nesa zai tuɓe takalmi, ya durƙusa a gefen tabarma ba a kanta ba, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, mun same ku lafiya?" Dattijon ya amsa, "Lafiya lau, sannunku da hanya, yaya ka baro su Malam?" ba tare da ya kama sunansa ba, musamman idan mijin 'yar fari ne. Surukuwa takan amsa gaisuwar daga bayan zana ko daga cikin ɗaki. Za a kawo fura da nono, a yanka kaza ko ɗan akuya, amma ba zai ci a gabansu ba, sai an kai masa masauki a gidan wani aboki ko ƙanen matar, inda zai saki jiki ya ci ya yi raha, ƙannen matar da kakanninta kuma su yi ta tsokanarsa da wasan da al'ada ta halatta musu. A ganina wannan rabon aiki hikima ce babba, gama kunya tana tsare mutuncin manya, wasa kuma yana hana baƙunta ta zama kurkuku. Abokan nan na masauki su ne kan zama aminai na har abada, su ne kuma kan nemo wa ɗan'uwan baƙon mata idan lokaci ya yi.

Ba a zuwa hannu rabbana. Mai fita daga kudu yakan riƙe goro da turmin atamfa da sabulu da kwanuka, mai dawowa daga arewa kuma a haɗo shi da cuku da dabino da kilishi da kanwa, wani lokaci har da 'yar tunkiya ta kiwo ga jika. Da yawa sukan daidaita tafiyarsu da ranar Alhamis, ranar da kasuwar Maigatari ke ci, inda raƙuma da shanu da dawakai ke sauka daga Nijar, domin a sami mota, a yi canji, a kuma ji labarin wanda ya rasu da wadda ta haihu. Nauyin tsaraba kuma yana bin darajar kuɗi: lokacin da naira ke da ƙarfi bayan fitowarta a 1973, suruki daga Nijeriya shi ne mai abin hannu, da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ya ƙara samun fifiko na ɗan lokaci, yanzu da naira ta faɗi, na arewa ne ke zuwa da aljihu mai nauyi.

Kallon gari kuwa, wanda a da ba a ɗauke shi dalilin tafiya ba, iyakar ce ta ba shi armashi, domin ita ta sa gari mai harshe ɗaya da naka ya zama yana da abin mamaki. Wanda surukansa ke kusa da Zinder, idan an gama gaishe-gaishe, abokansa sukan kai shi Birni ya ga fadar Sarkin Damagaram da ragowar ganuwar Tanimu, da manyan duwatsun da gidaje suka raɓa a jikinsu, ya ga tsohon barikin Faransawa a kan tudu, ya ratsa unguwar Zango mai gidajen ƙasa da zanen ado a fuskokinsu, ya shiga kasuwar Dole wajen dukawa. Za a gaya masa cewa garin nan shi ne hedkwatar mulkin Faransa a Nijar daga 1911 har 1926 da aka mayar da ita Yamai, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilai. Idan ya dace da salla ya ga hawan ƙaho, idan lokacin kokowar takobi ne, wadda ake yi tun 1975, ya tarar gari duka ya tattara hankali a kanta. Ya ga jandarma da burodi dogo da yara masu zuwa lakwal. Su ma abokan nasa na Zinder idan sun zo, a kai su hawan salla a ƙofar fadar Gumel, mai hali ya wuce da su Kano su hau Dala su shiga Kurmi.

Bayan 'yancin kai na 1960 hukumomi sun yi ta buɗewa da rufewa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar izinin zaman kwana 90 ba biza, wato ta halatta abin da mutane ba su taɓa dainawa ba. Amma an rufe iyaka daga Afrilun 1984 zuwa Maris na 1986, a tsakiyar fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan El-Buhari, wato sunan shugaban Nijeriya da ya rufe iyakar. Aka sake rufewa a Agustan 2019, sai Disamban 2020 aka buɗe ƙofofi huɗu, Maigatari na cikinsu. Aka kuma rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, har zuwa Maris na 2024. Kowace rufewa, babbar mota ce ke tsayawa a shinge, mai babur ya bi ta gona da ninkin kuɗi, tsohuwa mai zuwa ta'aziyyar ƙaninta ita ce ke biya. A Janairun 2025 Nijar ta fita daga ECOWAS, ko da yake ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardun 'yan ƙasar.

Akwai mas'ala guda da iyakar ta haifar wadda har yau malaman ƙauyuka ke amsa tambaya a kanta, ita ce ta ganin wata. Sarkin Musulmi ne ke sanar da shi a Nijeriya, a Nijar kuma majalisar malamai da hukumar ƙasar, kuma akan sami shekarar da Nijar ta riga da kwana ɗaya. Sai ka ga ƙauyuka biyu da ke jin kiran sallar juna, ɗaya ana kaɗa gangar idi, ɗaya ana azumi. Fatawar da aka fi bayarwa ita ce baƙo ya bi mutanen garin da yake ciki. Saboda haka magidancin da ya kai iyalinsa arewa a ƙarshen Ramadan yakan yi idi tare da surukansa, ya ci tuwon salla a masaukinsa, ya kwana, da asuba ya kama hanya, ya iske mutanen Sule Tankarkar suna fita nasu masallacin idin.